Abin da Ya Rage a Akwatin Malam

A hannun kakata na tashi, a wani lungu da ke gindin Dala cikin birnin Kano, kuma idan aka ce in faɗi abin da na fi tuna ta da shi, Allah Ya jiƙanta, zan ce ban taɓa ganin tsumma ya fita daga gidanta ba. Zani idan ya tsufa sai ya koma majanyin goyon jika, idan ya gaji da goyo ya koma gammon ɗaukar tulu, idan ya ƙara lalacewa a yayyaga shi a cusa cikin matashin kai, ɗan abin da ya saura kuma a riƙa sauke tukunya da shi daga murhu. Idan za ta aike ni cefane, kwando take ba ni da ƙwarya, mai gishiri ya ƙunsa mini a takarda, mahauci ya naɗe nama a takardar buhun siminti. Akwai leda a wancan lokaci, amma abar tattali ce, idan ta shigo gida wanke ta ake yi a shanya a igiya a ajiye don gobe. Mu yara dariya muke yi mata, muna ganin tsabar rowa ce, ita kuwa ba ta taɓa tsayawa yi mana bayani ba.

Ina shekara goma sha uku ta kai ni wajen wata maƙwabciyarmu na koyi ɗinki, kuma da aurena ya tashi a 1999, keken ƙafa ƙirar Butterfly yana cikin kayan ɗakina. Malam, wato maigidana, ma'aikaci ne a wata masaƙa da ke Sharaɗa, a ɓangaren da ake buga zanen atamfa, shi ya sa kullum da yamma yake dawowa da shuɗi a farcensa da gwiwar wandonsa. Ba mu yi arziki ba, amma albashi yana zuwa ƙarshen wata, har na sake da keken ya zama wurin jera kwanuka. Daga baya masaƙun Kano da na Kaduna suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya, ga rashin wutar lantarki, ga tsadar baƙin mai, ga atamfar Sin mai araha da ta cika kasuwa. Tasu ma ta rufe. Ya yi wajen shekara yana buga-buga, daga bisani ya sami zama a shagon wani a Kantin Kwari, inda ya ƙare yana ninkewa yana sayar da irin atamfar da ta raba shi da aikinsa. Ban taɓa jin ya yi ƙorafi a kan haka ba, sai dai idan ya taɓa wani zanen yakan murza shi tsakanin yatsunsa ya girgiza kai.

A watan Afrilun 2020, lokacin da aka kulle Kano saboda annobar korona, ciwon sukari da hawan jinin da ya daɗe yana lallaɓawa suka taso masa lokaci guda. Ba mota a titi, muka yi ta yawo da shi a Adaidaita Sahun wani maƙwabci daga wannan ƙofa zuwa waccan, kuma kowa ya san yadda garin yake a waɗannan kwanaki, makara tana fita makara tana shiga. Ran uku ga watan azumi ya cika. Ko zaman makoki na kirki ba a yi ba, 'yan uwa na nesa ta waya suka yi ta'aziyya. Ya bar ni da yara biyar, huɗu mata, namiji ɗaya mai shekara goma sha ɗaya, na shiga takaba ta wata huɗu da kwana goma, ban fita ba sai a farkon Satumba.

Da aka zo rabon gado, yayan Malam ya kira malamin unguwa aka baje komai a tsakar gida. Manyan rigunansa biyu na shadda da hulunansa aka yi musu kuɗi aka sa a rabon marayu. Sai aka zo kan tarin kayan da suka ji jiki: wandunan kaki na aikin masaƙa da ya ƙi zubarwa, kaftanai da wuyansu ya cinye, wata rigar sanyi, da jallabiyar da yake zuwa sallar asuba da ita. Yayansa ya ce a bayar da su sadaka, wa zai saya. Na ce, "Yaya, don Allah a yi musu kuɗi a sa mini a cikin tumunina." Ya dube ni kamar wadda ta zautu, amma malamin ya ce haƙƙina ne, ya yanka musu ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, aka rubuta. Na yi haka ne don kada wata rana a ce na taɓa kayan marayu, kuma a lokacin ba ni da wata niyya a kansu face in riƙa buɗe akwatin ina jin ƙamshin turarensa. Na zuba su a akwatin ƙarfe na tura ƙarƙashin gado.

Da ragowar tumunin na sayi jar akuya irin ta Sakkwato, da nufin ta hayayyafa in riƙa rage wa kaina kuɗin makarantar yara. Ita ce jarina, ba ni da wani. Da bazarar 2021 ta kama, ciyawa ta yi tsada, harawa ma sai mai hali, na riƙa sakinta tana kiwo a layi kamar yadda kowa yake yi. Tana da ciki a lokacin, don haka da na ga cikin yana ta girma ban damu ba, sai da na lura ƙashin bayanta ya fito, ta daina tuƙa, idan an ba ta dusa ta shinshina ta kau da kai. Na ba ta kanwa, na ba ta jiƙe-jiƙe, babu sauƙi. Wata safiya na tarar ta kasa tashi, na aika yaro da gudu ya kira mahauci kafin ta zama mushe.

A gabana ya feɗe ta. Da ya tsaga tumbin sai ya sa hannu biyu ya ciro wani dunƙule mai girman kan yaro, baƙi ƙirin, ya cure ya yi tauri kamar an saƙa shi da gangan. Ya ajiye a ƙasa ya fara warwarewa da bakin wuƙa: baƙar leda, farar ledar ƙulla awara da ƙosai, ledar fiya wata wadda har rubutun jikinta bai goge ba, da igiyar buhu. Ya ce, "Mama, wannan ai kullum muna ganinsa a mayanka, ɗan maiƙo da gishirin da ke jikin ledar ne yake jan su, in ta shiga kuma ba ta narkewa." 'Ya'ya biyu ne a cikinta. Kukan da na yi a ranar ban yi irinsa ba ran da aka fita da Malam, har na ji kunyar kaina, mace tana rusa kuka a kan akuya. Yanzu na gane ba akuyar kaɗai nake yi wa kuka ba.

Ba zan yi ƙarya in ce kishin muhalli ne ya motsa ni ba, kalmar ma a rediyo kawai nake jin ta. Haushi ne zalla. Na ce wa yara daga yau kada wanda ya sake shigo mini da leda gida, babbar 'yata ta ce, "To Umma, a me za mu riƙa zubo cefanen?" Kwandon ya daɗe da mutuwa, kuɗin jakar bakko kuwa gara in sayi magi da su. A daren nan bayan sallar isha'i na jawo akwatin, na ɗauko wandon kakin nan mai tabon shuɗi a gwiwa, na shimfiɗa shi a tabarma, na riƙe almakashi. Na fi awa biyu a zaune ban yanka ba. Wata zuciyar tana ce mini cin amana ne, wata tana ce mini mutumin da ya yi shekaru yana murza yadi don ya san ingancinsa ba zai so kakinsa ya ruɓe a akwati ba, kuma guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Na yi masa addu'a, na yi bismillah, na datse ƙafafun biyu daga cinya. Ƙarar almakashin a cikin kakin har yau tana kunnena.

Keken ya yi tsatsa, igiyarsa ta tsinke, sai da na wanke shi da kananzir na ɗiga masa mai na kwana biyu kafin ya yarda ya juya. Jakar farko ta fito a karkace, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, amma na rataya ta na tafi kasuwa. Mai kayan miya ya miƙo hannu zai zari leda, na ce ya zuba a nan. Ya ce, "Hajiya, ai kyauta ce." Na ce na sani, kyautar ce ta ci mini akuya. Matan da ke wurin suka yi dariya, biyu daga cikinsu suka juya jakar suna duba ɗinkin, kuma wannan ɗan dubawar da suka yi ita ta ruɗe ni na ɗauka kasuwa ta buɗe.

Na karɓi kwasar adashi tun kafin lokacina ya yi, na tafi Ƙofar Wambai na zaɓo gwanjo na ƙarshen dila, wanduna da riguna waɗanda ba mai sawa, na ɗinka jaka ashirin na ba dillaliya. Bayan mako biyu ta dawo mini da goma sha bakwai. Ta ce wasu sun ce don me za su sayi abin da ake ba su kyauta, wasu sun ce su ba za su zuba abincinsu a kayan matattun Turawa ba, kuma magana ta zaga unguwa cewa da tufafin mamaci nake ɗinki. Cikin ukun da aka saya ma, ɗaya hannunta ya fita a bakin titi, tumatir da ƙwai suka tarwatse, matar ta zo har tsakar gidana ta jefa mini jakar ta ce in biya ta. Na biya, da kuɗin da ban da su. Na shafe wata huɗu ina zubin adashin da na riga na cinye, wata ranar sai na sayar da kwano daga cikin jerena ake samun na zubi.

Amma duk wannan bai kai zuwan surukata zafi ba. Tsohuwa ce mai kawaici, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba tsawon zamanmu, ranar kuwa ko zama ba ta yi ba. Ta ce, "Ashe abin da ya sa kika nace sai an ba ki kayan ke nan, ki yayyanka ɗana ki kai kasuwa?" Na durƙusa na ce, "Inna, wallahi ko zare ɗaya na kayan Malam ban sayar ba, gwanjo na saya." Ba ta saurare ni ba, ta juya ta fita, ta yi wata uku ba ta amsa gaisuwata sai da ka. Na rasa yadda zan wanke kaina, sai wata rana na ɗauko farin kaftaninsa, na yanko ƙirjin tare da aljihun yadda ɗinkin wuyan zai fito a gaba, na yi masa shafi, na ɗinka 'yar ƙaramar jaka daidai izu da carbi, na aika autata ta kai mata ban ce a faɗi komai ba. Yarinyar ta ce ta daɗe tana kallon jakar, sannan ta sa hannu a aljihun kamar mai neman wani abu. Tun daga ranar da ita take zuwa Islamiyya, kuma ba mu taɓa tayar da maganar ba, ni da ita.

Mafitar sana'ar daga bakin wata tsohuwa maƙwabciyata ta fito. Ta shigo da ƙullin zannuwa ta ce, "'Yar nan, ni dai ba na riƙe tsumman wani, amma ga nawa, ki yi mini biyu." Sai na ga ashe ba jakar mutane suke ƙi ba, rashin sanin jikin da tufar ta fito ne yake damun su. Na daina sayen gwanjo, na ce kowa ta kawo nata, kuɗin ɗinki kawai zan karɓa. Akwai kuma wani tsoron da ba a faɗa a fili, wato kada a ba da tufar da aka sa a jiki a je a yi wa mutum sammu da ita, saboda haka na ɗauki al'adar tattara duk ƙyallen da ya ragu, komai ƙanƙantarsa, in ƙulle in mayar wa mai shi tare da jakarta. Wannan ƙullin ƙyalle ya jawo mini mutane fiye da duk wani talla.

Jakar da ta zubar da ƙwai ita ta koya mini aikin. Na gane ba kowane tsohon kaya ne yake da sauran rai ba, don haka kafin in yanka sai na ɗaga shi a rana in ga inda ya yi shara-shara, in kama da hannu biyu in fizga, in ya yi ƙara to ya tafi cikin matashi. Tsohuwar shadda mayaudariya ce, tana sheƙi amma bugu da sitati sun riga sun karya ta a kan layin ninki, sai dai a yi shafi da ita. Atamfar auduga ta gaske tana jurewa idan aka ninka ta biyu, mai roba-roba kuwa zamewa take yi a ƙarƙashin allura, kuma idan ina shakka nakan zare zare ɗaya in kusanta shi da ashana, na auduga ya ci ya zama toka, na roba ya narke ya dunƙule. Rigar shan iska mai talewa ba ta ɗaukar nauyi, tana saki har jakar ta taɓa gwiwa. Sarkin kaya shi ne jins da kaki, sai dai suna karya allura, dole a sa lamba 16 ko 18 a kuma bi sannu a inda ɗinki ya haɗu, wani lokacin har sai na daddoka wurin da muciya ya kwanta. Hannu kuwa, wanda shi ne ya kunyata ni, na daina liƙa shi a baki. Yanzu nakan ninka shi huɗu, in zagayo da shi ta ƙarƙashin gindin jakar ya fito ta ɗaya gefen, yadda nauyin zai zauna a kansa, sannan in yi ɗinki mai kusurwa huɗu da gicciye a tsakiya a duk inda ya haɗu da baki. Kowace jaka kafin ta bar gidana sai an zuba mata bulo ɗaya an rataye ta a ƙusa ta kwana. Komai kuma sai an wanke shi da ruwan zafi da omo, ya sha rana, an goge da dutsen guga, ko da mai shi ta rantse wankakke ne.

A watan Agustan 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari ya ɓata dukiya mai yawa, kuma wani abokin zaman Malam a kasuwar ya tuna da ni ya aiko mini da yadikan da suka yi tabo, ya ce in biya a hankali. Na karɓa da nauyin zuciya, domin asarar wasu ce ta zama jarina, kuma duk wanda ya ga abin da ake tonowa daga magudanan ruwan garin nan idan damina ta kusa ya san leda tana da hannu a irin wannan ambaliya. Sai kuma aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, darajar naira ta faɗi, komai ya tashi har da ledar kanta. Masu shaguna suka fara cewa babbar leda sai an biya, ƙaramar kuma ta koma kamar fatar albasa, kafin a kai gida ta fashe. Matan da suka ce mini don me za su sayi abin da ake ba su kyauta, da ƙafarsu suka zo da ƙullin zannuwansu. Wata ta kawo ragowar yadin ankon bikin 'yarta ta ce in yi mata ɗari ta raba wa mahalarta maimakon robobi, muka kwana biyar ni da 'ya'yana muna taka keke har ƙafafuna suka kumbura.

Wata baƙuwa daga Maraɗi da ta zo sarin atamfa ta ba ni labarin cewa a Nijar tun 2014 aka yi dokar hana irin wannan leda, amma har yanzu idan iska ta taso sai ka ga ƙayoyin bakin gari sun yi baƙi da ita. Na kuma ji a rediyo cewa Ruwanda ta hana tun 2008, Kenya a 2017, Legas ma ta fara nata hanin. Ni dai abin da na gani a tsakar gidana shi ne mace ba ta barin leda don an yi doka ko an yi mata wa'azi, sai ranar da ta sami abin da ya fi ta ƙarfi kuma bai fi ƙarfin aljihunta ba. Ni kaina ban rabu da ita gaba ɗaya ba, kada in yi alfahari da abin da ban yi ba. Niƙa da manja sai robar da ke da murfi, nama ma haka, domin jini idan ya shiga yadi a wannan zafin namu cuta ce, kuma yara har gobe sukan shigo da ledar biskit a aljihu. Bambancin dai yanzu tattarawa muke yi, ba ta kwana a tsakar gida.

Sana'ar ba ta mayar da ni mai kuɗi ba. Bayana yana ciwo, na fara sa tabarau kafin in zura zare, akwai kuma makon da ba a kawo ko ɗankwali. Amma da ita na biya wa 'ya'yana biyu kuɗin jarrabawar NECO, na aurar da babbar, na sayi keke na biyu na hannu, kuma mata biyu da suka rasa mazajensu kamar ni suna zuwa da hantsi muna aiki tare, kowacce da rabonta. Na sake sayen akuya, wannan a ɗaure take, ba ta san hanyar ƙofar gida ba. Jakar farko tana rataye a bayan ƙyaure, na yi mata faci sau uku, tabon shuɗin yana nan a gefenta, ita ce har yanzu take zuwa cefane.

Akwatin Malam ya kusa zama fanko. Wandunan sun zama jakunkunan makarantar yara, rigar sanyin ta shiga matashin da nake jingina da shi a bakin keke. Jallabiyar asubar ce kawai ban taɓa ba, na ɗaga ta a rana na fizge ta na ga yadinta yana da sauran rai sosai. Da ƙaramar sallar da ta wuce ɗana ya ɗauko ta ya zura, ya tsaya a bakin ƙofa yana gyara wuya kamar yadda ubansa yake yi, sai da na dafa bango. Hannun ya ɗara masa da kamar inci biyu, ƙasan kuma yana taɓa ƙasa. Ya ce, "Umma, ki ɗan kalmashe mini mana, minti nawa ne." Na ce ya cire ya ninke ya mayar, ya bari sai baɗi.